Jan Tabo Bisa Ƙofar 'Yandaka

Ɗiyata ta fari ce ta jawo mana wannan rigima, ita da karatunta. Ba zan kama sunanta ba, ko a gida ba na kamawa balle a takarda. A lokacin tana digiri na biyu a fannin ƙididdiga, lissafin nan da ake tara lambobi a matse su har sai sun faɗi abin da ba su yi niyyar faɗa ba. Ni malamar firamare ce, na tsufa ina koya wa yara tarawa da ɗebewa, kuma na ɗauka na san lissafi. Sai da yarinyar nan ta fara buɗe mani kwamfutarta na daina faɗin haka a gaban mutane.

Wata rana farkon damina ta shigo gidanmu na Ƙofar Sauri da kwali, ta dire shi tsakar ɗaki. Na leƙa na ga wasu 'yan fararen akwatuna, kowane bai wuce gwangwanin madarar gari ba, da ɗan farantin sola maƙale a kansa.

Na ce, "Wannan kuma fa? Sana'ar fitila kika koma?"

Ta ce, "Umma, iska za su auna."

"Ikon Allah! Iskar ma yanzu awo ake mata kamar gero?"

Ta zaunar da ni ta yi mani bayani, da muryar nan tata ta lallashi wadda take ba ni haushi. Wai a cikin iskar da muke shaƙa akwai ɓurɓushin hayaƙi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, silin gashi ma ƙato ne a kansu. Babbar ƙura hanci yana tare ta, mutum ya yi atishawa ya fyace ya huta. Waɗannan kuwa wucewa suke yi har can cikin huhu su nemi wuri su zauna. Na'urar tana zuƙar iska kaɗan-kaɗan, ta ƙirga su, ta aika wa kwamfutarta da lambar, safe da yamma ba hutu.

Na ce to na ji, amma akwatuna goma sha wani abu, Katsina kuwa gari guda, ta yaya za su isa? Ta ce ai nan ne aikinta yake. Ba za a iya kafa na'ura a kowane gida ba, don haka lissafi ne zai cike gurbin. Iskar gidanka ba ta rasa kama da ta maƙwabcinka, ta yanzu kuma ba ta rasa kama da ta ɗazu. Sai lissafin ya ɗauki abin da na'urorin kusa suka ce, ya haɗa da na sa'o'in baya, ya duba ko an yi ruwa, ya duba kusanci da titi, sannan ya ƙiyasta wa unguwar da ba ta da na'ura. Inda yake da tabbas ya faɗa, inda lalube yake yi nan ma ya faɗa. A ƙarshe ya zana taswirar gari: kore inda iska take da kyau, rawaya inda ta fara gurɓata, ja inda ta lalace. Launin kuma ba tsaye yake ba, yana sauyawa daga safe zuwa dare.

Na ce, "Wato aron gishiri yake yi gidan maƙwabta."

Ta kalle ni ta ce, "Kusan haka, Umma." Na san ba haka ba ne, ladabi kawai ta yi mani.

Saura inda za a rataye su. In ka ɗaure abu mai sola bisa falwaya a bakin titi, to ka yi sadaka. Don haka sai aka koma ga gidajen mutane: na ƙawayenta, na malamai, da na dangi. Ɗaya ta hau katangar gidanmu. Ɗaya ta tafi Kambarawa, gidan yayana. Ɗaya kuma Ƙofar 'Yandaka, gidan da aka haife mu, inda mahaifiyarmu Hajiya take zaune.

Dole in tsaya in faɗi halin da ake ciki game da Hajiya a lokacin. Ta kai shekara biyu ko fiye tana fama da tari, in ya taso mata numfashinta har fito yake yi. Likita ya ba ta abin shaƙa, ya ce ta guji hayaƙi. Muka fitar da murhu daga gidan, muka sayo na gas, muka hana kunna maganin sauro. Tari ya ce bai san zancen ba. Daga nan Yaya ya kafe a kan cewa iskar cikin gari ce take kashe ta, lunguna a matse, kwatoci a buɗe, babura ba iyaka. Ya gina mata ɗaki a gidansa na Kambarawa, da tayil da banɗaki a ciki, ya sa labule, yana jiran ranar da za ta ce to.

Yaya babban ma'aikaci ne da ya yi ritaya, kuma har yau ko gaisuwa zai yi maka sai ka ji kamar taro yake buɗewa. Amma ba don mugunta yake yi ba, tsoro ne, ni ma ina da irinsa. Ita kuwa Hajiya ko gezau. A gidan nan aka kawo ta amarya, daga zaurensa aka fitar da gawar babanmu. Matan unguwa shigowa suke yi da sallama ɗaya su zauna ƙarƙashin iccen bedi, a tsinci shinkafa a tsinci labari. Takan ce, "Can gidan yayanki in mutum ya mutu sai mai gadi ya ba da labari." Ni dai a raina na san in aka ɗauke ta daga lungun nan, ko tarin ya bar ta, kewa ba za ta bar ta ba.

Ranar da muka je kafa na'urar, mun same ta bisa tabarma a baranda. Ita da ɗiyata wasan kaka da jika suke yi, ƙawata suke ce wa juna, ba sa haɗuwa su rabu lafiya.

"Ƙawata, mi kika kawo mani? In ba miji ba ne ki koma da shi."

"Baƙuwa na kawo maki, Hajiya. Nan za ta zauna wurinki har ƙarshen damina."

"Mi take ci?"

"Ba ta cin komai. Iska kawai take sha."

"To ta fi ki sauƙin riƙo."

Yarinyar ta hau kujera ta ɗaure na'urar a ginshiƙin baranda, daidai ƙofar ɗakin Hajiya. Hajiya tana bin ta da ido, can ta ce, "In ta sha iskar, sai mi?"

"Sai ta gaya wa malamanmu na jami'a ko iskar gidan nan mai kyau ce ko maras kyau."

Hajiya ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon akwatin. Ta gyara ɗankwali, ta ce, "To." Aka kawo dambu muka ci, muka yi sallama muka tafi.

Bayan 'yan makonni taswira ta fito. Yawancin gari kore ne, don ruwan sama yana wanke iska. Wajen tasha da kasuwa da manyan shataletale rawaya, wannan kowa ya san dalili. Kambarawa kore shar. Amma bisa Ƙofar 'Yandaka sai ga wani jan tabo kamar maruru. Da sassafe ya kumbura, da rana ya sace, gab da magariba ya sake kumbura. Kuma da yake lissafin nan maƙwabta yake bi, jan bai tsaya gidan Hajiya ba, ya malala ya shafe lungun da rabin unguwar, har masallaci bai tsira ba.

Ƙaddara ta sa a ranar Yaya ya biyo gaida maigidana, ya tarar da yarinyar a falo da kwamfuta a buɗe. Ya sa tabarau, ya sunkuya, ya ce a nuna mashi gidansa. Aka nuna. Ya ce a nuna mashi na Hajiya. Kafin in dawo daga ɗauko mashi ruwa ya ɗauki hoton taswirar ya jefa a guruf ɗin dangi. Wayata ta dinga ƙara kamar ana rabon gado. Wannan ya sa salati, wancan ya sa hoton kuka, waɗanda rabonsu da gaida Hajiya tun sallar bara su ne suka fi kowa cewa a ɗauke ta yau-yau.

Ɗiyata ta ce, "Kawu, don Allah ka goge. Ban gama ba, sakamakon farko ne wannan, akwai abin da bai yi mani ba a ciki."

Ya cire tabarau ya ce, "Kimiyya ta yi magana. Ja dai ja ne." Ya yanke cewa ƙarshen wata zai turo mota a kwashe kaya.

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce in dai hayaƙi ne, ai yana da uban gida, ni zan nemo shi. Washegari da na tashi daga makaranta na ja yarinyar muka nufi Ƙofar 'Yandaka. Akwai mai tsire a bakin lungun, tun ina budurwa nake ganin tukubar a wurin. Na same shi yana jera tsinke, ko gaisuwar kirki ban bari mun gama ba na hau shi da faɗa. Na ce hayaƙinsa zai raba tsohuwa da gidanta, na ce jami'a ta gano shi, na ce har hotonsa yana cikin kwamfuta, wannan kam ƙari na yi. Bawan Allah ya tsaya da wuƙa a hannu yana saurare har na gaji, sannan ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Malama. Amma ni sai an sallame magariba nike hura wuta."

Ɗiyata tana ta jan hijabina tun ɗazu. Ta raɗa mani, "Umma, gaskiyarsa. Lokacin da yake fara gashi jan ya riga ya fara sauka." Mutumin nan da dare sai ga shi ya aiko wa Hajiya tsire a takarda, wai a ba Malama ta huce. Na ci, ban fasa jin kunya ba.

Na koma kan mai injin niƙa. Kafin in kai gare shi yarinyar ta tare ni, ta ce ranar Juma'a da safe ba ya buɗewa, alhali jan ranar Juma'a ya fi na kullum. Na ce to mai ƙosai. Ta ce, "Umma, ki bar mutane su nemi abincinsu, ki ba ni kwana kaɗan." Ta ciro na'urar gidanmu ta kai wani gida a lungun Hajiya, 'yan ƙofofi tsakani. Abin mamaki, wannan ta ce iska lafiya lau. Yarinyar ta ce ashe unguwar ba ta da laifi, lissafi ne ya shafa mata jan gida ɗaya don ba shi da wani mai ba shi labari a kusa. Ko mene ne, a cikin gidan Hajiya yake.

Ta ƙara da cewa na Kambarawa ma bai kwanta mata ba. Ta nuna mani layin kowace na'ura, duk suna hawa suna sauka. Na gidan Yaya kuwa a miƙe yake samɓal, safe, rana, dare, ko ranar da aka ƙona bola a bayan layinsu bai motsa ba. Ta ce iskar waje ba ta yin haka.

Ana cikin wannan Yaya ya riga ya kai wa Hajiya hoton. Na shirya jin ta kore shi, sai na ji wai ba ta ce komai ba. Wannan ya fi komai tayar mani da hankali. Na je na tarar ta fiddo kwanonin jerenta tana ɗaurewa a tsofaffin zannuwa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wai gidana ne ya fi kowane gida ƙazantar iska a Katsina. Har jikoki sun gani a waya." Matar da ban taɓa ganin rana ta fito mata ba ta share tsakar gida ba. Na juya na shiga kicin kamar ina neman wani abu. Kuma tun daga wannan mako jan ya ƙaru, ya yi duhu, Yaya yana ta turo sabon hoto a guruf yana rubuta "kun gani ko."

Ranar Asabar muka yi wa Kambarawa dirar ba-zata. Ɗiyata ta zagaya bayan gida inda ta ɗaure na'urar, ta tarar da ƙusa kaɗai. Muka shiga falo, matar Yaya ta tarbe mu da fara'a, aka yi gaisuwa, ina gajiya, ina yara, ina maigidan, ya ruwa. Yaya yana kishingiɗe da jarida. Da aka natsa yarinyar ta ce, "Anti, ina na'urata?"

Ta ce, "Af, ga ta can, lafiyarta ƙalau." Ta nuna kabad ɗin gilashi.

Jama'a, ga ta nan zaune tsakanin tangaran na baƙi da kofunan zamzam, an shimfiɗa mata ɗan ƙyalle mai saƙa, an ja gilashi an rufe. Farantin solar kawai aka zaro da wayarsa ta bayan kabad aka kai taga. Matar Yaya ta ce tun daren farko da hadari ya taso ta sa aka ciro ta. "Kayan jami'a, amana, in bar shi ruwa ya dake shi? Gobe a ce a gidanmu ya lalace?"

Wato koren nan shar da Yaya yake ta yi mana taƙama da shi a gaban dangi, iskar cikin kabad ce. Na yi niyyar in daure, Allah ya sani na yi niyya. Na kalli Yaya na ga ya ɗaga jarida ya rufe fuska, sai dariya ta ƙwace mani, har da ƙwalla, har da dukan cinya. Na ce, "Yaya, ashe cikin kabad za ka sa Hajiya? To a rage tangaran ɗin ta samu wurin miƙe ƙafa." Ya sauke jarida ya ce wannan ƙaramin kuskure ne na gudanarwa, kuma bai goge jan Ƙofar 'Yandaka ba. A nan kam ya fi ni gaskiya, dariyata ta tsaya.

Daga can ba mu koma gida ba. Yarinyar ta duba agogo ta ce yanzu ne lokacin da jan yake tashi, mu je mu gani da idonmu. Ni dama kullum da rana nake zuwa gidan Hajiya, in na taso daga makaranta, ban cika kai yamma ba. Muka isa bayan la'asar sakaliya. Tun daga zaure ƙamshi ya tarbe mu, sandal da kajiji da jawul, haɗin Hajiya na kanta wanda duk amaryar da aka yi a danginmu da shi aka kai ta. Ban kawo komai a raina ba, don in gidanmu bai yi wannan ƙamshi ba ai ba gidanmu ba ne.

Muna shiga tsakar gida muka gan ta. Tana tsaye bisa turmi da ta kifa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, hannu ɗaya riƙe da ginshiƙi, ɗayan ya ɗaga kaskon turare har ƙarƙashin na'urar. Hayaƙi ya turnuƙe barandar, akwatin ma da ƙyar ake hango shi. Tana tari tana juya kaskon a hankali don ko'ina ya samu.

Na ce, "Innalillahi! Hajiya, me kike yi haka?"

Ta waigo ba ko alamar an kama ta. "Mi nike yi kuwa? Baƙuwa nike turarawa."

Muka riƙo ta ta sauko. Ta zauna tana maida numfashi, ta ce tun ranar da aka ce abin nan yana kai labari jami'a ta ɗauki alkawari ba zai kai labarin warin kwata daga gidanta ba. Da asuba in ta idar da salla ta ba shi, gab da magariba ta ba shi, ranar Juma'a ta sa mashi mai tsadar. "Da yayanki ya zo ya ce wai an ce iskata ba kyau, na ce halan bai ishe ta ba. Sai na ƙara."

Ɗiyata ta zame ta zauna daɓas a ƙasa, tana dariya har ba ta iya magana. Da ƙyar ta ciro waya ta nuna wa kakarta lambar, ta matsar da kaskon kusa da ginshiƙi, lamba ta haura, ta janye shi, lamba ta fara sauka. Ta ce, "Ƙawata, ke ce jan. Duk unguwar nan ke kika shafa masu."

Hajiya ta ce, "Ke tafi can! Wannan abin naku hancinsa ya toshe. Hayaƙi kuka ce yana nema. Turare hayaƙi ne?"

Na buɗe baki in goyi bayanta, don wallahi ni ma a kaina haka yake. Hayaƙi shi ne na icce, na bola, na salansar babur, abin da ake kora da mafici. Turare kuwa ƙamshi ne, tsafta ce, mutunci ne. Likita ya tambaye mu ko ana girki da icce, muka ce an daina. Ya tambaya ko akwai mai shan taba, muka ce Allah ya kiyaye. Ba wanda ya tuna da kasko, har Yaya da yake sayo mata sandal da kansa duk zuwansa Umara.

Sai na lura yarinyar ta daina dariya. Ta matsa kusa da kakarta ta riƙe hannunta, ta tambaye ta a hankali ko a ɗaki ma tana sawa. Hajiya ta ce yo da fa, kullum, ta rufe ƙofa da taga don ya kama kaya da labule, tun kafin a haifi uwarki. Yarinyar ta ce, "Hajiya, hanci ne ya san ƙamshi. Huhu bai sani ba. Shi duk ɗaya ne a wurinsa da na bola." Garwashin yana ta cin sauran turaren a gefe, ba wanda ya kula shi.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa sosai. Ɗiyata ta roƙi Kawunta ya ɗaga zuwan mota, a gwada 'yan makonni ba kasko. Ta fitar da na'urar Kambarawa daga cikin tangaran ta mayar bisa katanga. Lambobin makonnin baya na gidajen biyu ta cire su daga lissafi, ta rubuta dalili, ta ce malamin da ke duba aikinta sai da ya fita daga ofis don dariya. Da ta sake zana taswira, jan ya ɓace, Ƙofar 'Yandaka ta koma kamar sauran cikin gari. Kambarawa kuwa da yamma rawaya take yi, saboda janareto da bolar da ake ƙonawa. Ni na jefa wannan hoton a guruf da hannuna, na rubuta "kimiyya ta yi magana."

Tarin bai tafi duka ba, tsufa ma yana da nasa. Amma fiton nan na ƙirji ya ragu, abin shaƙa ya fara daɗewa bai ƙare ba. Muka koma wurin likita muka faɗa mashi gaskiya, ya dafe kai. Yaya ya zo gidan da kansa, ya cire takalmi ya durƙusa gaban Hajiya, kuma wannan karon bai buɗe taro ba. Ya ce, "Hajiya, na janye maganar tashi. Amma ki zaɓa, ko gidan ko kaskon. In na sake jin fiton nan, wallahi ba zan iya barci ba."

Ta daɗe tana murza carbi. Sannan ta ce mani, "Shiga ƙarƙashin gado ki fiddo kwalaben."

Na fiddo su, manya da ƙanana, wasu tun haɗin da ta yi babanmu yana da rai. Ta sa aka kwance kwanonin jere aka mayar inda suke. Kwalaben ta raba mana, ni da matar Yaya da sauran 'yan uwa, tana yi tana faɗin wanda ake sa wa garwashi kaɗan da wanda yake son wuta. Manyan guda biyu ta tura bayanta ta ce waɗannan da mai su.

Zuwana na gaba na shiga zaure na tsaya. Ƙamshin sabulu, ƙamshin ƙasar da ruwa ya daka, shi ke nan. Sai na ji kamar na yi ɓatan kai na shiga gidan wasu. Na jingina da bango na yi kukana na share ido, sannan na yi sallama. Na yi murna ta zauna a gidanta, amma na ji zafin abin da ta biya, har yau ina ji.

A ranar ne ta sa na kira mata ɗiyata a waya. Ta karɓa ta ce, "Ƙawata, ke da kika san hanyar iska. Da yamma, daga wane gefe take shigowa gidan nan?" Yarinyar ta ce a wannan lokaci na shekara yawanci daga yamma take busowa. Hajiya ta ce, "Madalla," ta miƙo mani wayar. Ta yafa mayafi, ta ɗauki manyan kwalaben nan biyu da kaskon, ta fita. Gidan da ke yamma da namu na wata tsohuwar aminiyarta ne, katanga ɗaya ta raba su. Ta dawo hannu wofi.

Ɗiyata ta bi lambobin kwanakin da suka biyo, ta ce abin da yake tsallako katangar bai kai a yi magana ba, na'urar ma da ƙyar take jinsa. Ba mu gaya wa Yaya ba sai daga baya.

Ranar da ta kai kwalaben nan, gab da magariba na ga Hajiya ta ja tabarma daga baranda ta kai gindin katangar yamma ta zauna. Na zauna kusa da ita. Can sai ga ƙamshin turaren ya tsallako, siriri, in ba ka san shi ba ma ba za ka lura ba. Ta lumshe ido ta ja numfashi a hankali.

Ta ce, "Ta cika mashi garwashi. Ƙona shi za ta yi, wannan mata ba ta da hannu."

Ladan ya kira salla, na tashi na zuba mata ruwa a buta na ajiye gabanta. Ba ta taɓa butar ba sai da ƙamshin ya wuce.